Aikin Bazara: Yadda Gwanaye Ke Rufe wa Ƙwari Ƙofa Kafin Damina

Daga tsakiyar watan Maris, idan hunturu ya tattara nasa ya nasa, iska takan juya a ƙasar Gwandu. Sanyin asuba ya ɗauke, rana ta buɗe, kafin Afirilu ya raba tsakiya zafi yakan haura digiri 40 a Jega da Aliero da Maiyama. Wannan ita ce bazara, kuma ba mutum kaɗai ke jin ta a jika ba. Ƙwan da ƙwaro ke ajiyewa a kan wake yana saurin ƙyanƙyashewa. Kuɗin cizo na fitowa daga tsagar bango, kunama na barin ƙarƙashin dutse da dare, ɓera kuma, da daji ya bushe, sai ya nufo gari inda abinci yake. Gara na can ƙarƙashin ƙasa tana jiran ruwan farko, sauro ma haka.

Duk da haka, a kowace unguwa akwai gidajen da waɗannan baƙi ba sa samun masauki. Gero ya kai su har wata kaka, waken da aka ajiye a Nuwamba a buɗe shi a Yuni babu huji ko ɗaya, yara su kwana ba susa. Wanda bai sani ba sai ya ce sa'a ce, ko ya zaci maigidan ya fi kowa kuɗin sayen magani, alhali sani ne da juriya. Mutanen irin wannan gida sun gane cewa abu huɗu ke riƙe kowane ƙwaro a wuri: abinci, laima, maɓoya da hanyar shiga. Sun kuma gane cewa 'yan makonnin da ke tsakanin ɗaukewar hunturu da saukar ruwa su ne lokacin raba shi da waɗannan huɗun, domin a nan ne rana ke da ƙarfin da za ta yi musu rabin aikin kyauta.

Zagayen farko

Da ido ake fara aikin. Maigida yakan ɗauki tocila da 'yar wuƙa ya zagaya gidan da sassafe, kafin a yi shara, tun sawun dare bai goge ba. Yana bin gindin katanga yana duban ƙasa. Kashin ɓera baƙi ne, siffarsa kamar ta ƙwayar shinkafa. Idan yana da taushi da sheƙi, na daren jiya ne. Idan ya bushe ya yi toka-toka, tsohuwar hanya ce. Inda ɓera ya saba bi, jikinsa kan bar baƙin maiƙo a bango, don haka ko ba a ga rami ba, an san inda za a nema.

Daga nan sai ya ɗaga kai. Gara ba ta jure iska da haske saboda jikinta na saurin bushewa, shi ya sa take gina wa kanta siririyar rufaffiyar hanya ta laka daga ƙasa zuwa itacen da ta nufa. Gwani yakan kankare tsakiyar hanyar da bakin wuƙa, tsawon ɗan yatsa, ya yi tafiyarsa. Idan ya dawo washegari ya tarar an ɗinke wurin da sabuwar laka mai danshi, to gara na ciki tana aiki. Sai ya ƙwanƙwasa azara da ƙotar wuƙar. Lafiyayyen itace da nauyi yake amsawa, wanda aka cinye cikinsa kuwa sai ya yi amo kamar an buga busasshiyar ƙwarya.

Uwargida ita ma tana nata zagayen a ɗaki da madafa. Ta ɗaga buhu ta duba ko gari ya zuba a ƙarƙashinsa, domin garin da ba wanda ya niƙa aikin ƙwaro ne. Ta cusa hannu har gwiwa cikin hatsi: idan tsakiyar ta fi gefe ɗumi, akwai masu rai a ciki suna ci suna numfashi. Ta bi ɗinkin katifa da mahaɗar gado ko za ta ga ɗigo-ɗigon baƙi. Kafin azahar, su biyun sun san abin da ke damun gidan da inda yake kwana.

Rumbu

A garuruwan Maiyama irin su Andarai da Mungadi, rumbu ne ke riƙe da gida daga kaka zuwa kaka, kuma gininsa kansa ilimi ne. Ana ɗora shi a kan duwatsu don ya rabu da ƙasa: laima ba ta hawa, iska na ratsa ƙarƙashinsa, kaji na shiga suna tsince gara, kyanwa kuma ta samu wurin fako. Bakinsa ƙarami ne, yana can sama, an kife masa jinka. Gero kuma da zangarniyarsa ake zuba shi, dami-dami, domin wanda ba a sussuka ba ya fi daɗewa bai lalace ba.

A bazara hatsin ya riga ya yi ƙasa, wata biyar ko shida ana ɗiba, don haka yanzu ne ake iya ganin cikin rumbun. Ana fito da abin da ya rage a baza a rana. Yaro mara nauyi ya shiga da tsintsiya ya share bango da gindi har ƙurar ƙarshe. Wannan shara ba a zubar da ita a bayan rumbu, domin cike take da ƙwai da tsutsa. Wuta ake sa mata nan take. Sai a bi kowace tsaga, ciki da waje, da laka da aka cuɗa da ciyawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta yi wa ƙadangare kaɗan ta ishi ƙwaro ya tara zuriya.

Wasu kan turara cikin da hayaƙi kafin su mayar da hatsi, su shimfiɗa busasshen ganyen dogon yaro a gindi da tsakanin dami da dami. Bishiyar nan, wadda asalinta daga yankin Indiya ne, tana da wani sinadari mai ɗaci da ke hana ƙwari ci da girma. A inuwa ake shanya ganyen, saboda hasken rana na rage masa ƙarfi. Daga ƙarshe a duba jinka a sauya ciyawar da ta ruɓe, a kwashe tarkacen da ke kewaye, a sare duk reshen da ya rataya a kan rumbu don kada ɓera ya diro ta sama.

Wake

Babu amfanin gonar da ke gwada gwanintar mai ajiya kamar wake. Ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi. Macen takan manna ƙwanta, fari ƙanƙani, a bayan ƙwayar. Tsutsar ta huda ta shige ciki kai tsaye, ta ci, ta girma a ɓoye, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito cikakken ƙwaro, ta bar huji zagayayye. Kowace mace na ajiye ƙwai gommai. Buhun da ya shigo da 'yan ƙwari kaɗan a kaka, in aka yi sakaci, kafin damina ya koma gari da wari.

Kafin kowace dabara, sai an tabbatar waken ya bushe. Ana cizon ƙwaya: idan ta fashe ƙas, ta yi, idan haƙori ya nutse, da sauranta. Mai son ƙarin tabbaci yakan zuba ɗan wake da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ya rufe, ya girgiza, ya ajiye jim kaɗan. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, akwai sauran laima, sai a mayar da shi rana.

Dabarar farko ita ce ranar kanta. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da abokan aikinsu na Marwa a Kamaru, sun gano wajen 1990 cewa zafin digiri 57 na sa'a guda yana kashe ƙwaron wake tun daga ƙwai har babba. Ana shimfiɗa busasshiyar ciyawa don kada ƙasa ta shanye zafin, a ɗora baƙar leda, a baza wake ba da kauri ba, a rufa da farar leda shara-shara, a naɗe gefunan a danne da duwatsu. Baƙar na jawo zafi, farar na hana shi fita. Sa'o'i biyu na tsakar ranar Afirilu sun wadatar. Sai a bar shi ya huce sarai kafin a ɗura, kada ya yi gumi a cikin buhu.

Ta biyu toka ce, tsohuwar dabarar mata, musamman ga irin shuka. Dattijuwa takan tara tokar murhu ta kwanaki, ta bar ta ta huce, ta tankaɗe da rariya har gawayi da tsakuwa su fita. Ta auna tiya ɗaya ta wake, tiya ɗaya ta toka, ta cuɗa da tafin hannu a cikin masaki har kowace ƙwaya ta yi fari. Tana zubawa a tulu tana girgiza shi don tokar ta cike kowane gurbi, matar ɗanta na tsugune kusa tana miƙo mata.

"Inna, ai ya cika hakanan."

"A'a ɗiyata, ƙaro toka. Sai ta hau yatsa biyu bisa kai, ba ki ga wake ko ɗaya ba, sannan mu liƙe."

Ta kifa murfi, ta bi bakin da laka. Tokar ta toshe duk hanyoyin da ke tsakanin ƙwayoyin, ƙwaron da ya fito ba shi da inda zai motsa balle ya sadu da mace, kuma tana goge maiƙon da ke riƙe ruwan jikinsa har ya bushe.

Ta uku ita ce hana iska. An daɗe ana yi da jarka ko gangar ƙarfe da aka wanke tas, a cika ta har wuya, a sa leda a ƙarƙashin murfi a matse. A kan wannan hikima aka yi buhun PICS mai riɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a 2007 a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, kamfanin Lela Agro na Kano kuma ya shiga ƙera shi. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Gwani ba ya zuba ko ƙwaya ɗaya sai ya gwada kowace leda: ya cika ta da iska, ya riƙe bakin, ya danna, ya kara kunci ko zai ji iska na tsira. Ya zuba ɗan wake a ta farko don ta zauna, ya saka ta cikin ta biyu, su biyun cikin buhun. Yana cikawa yana jijjigawa, ya bar taƙi guda a sama. Sai ya matse iskar, ya murɗe bakin ledar farko, ya lanƙwasa shi gida biyu, ya ɗaure. Ta biyu ma haka, ɗaurinta daban, buhun waje shi ma daban. Ƙwarin da ke ciki su da kansu ke shaƙe iskar da ta rage. Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ne. A rufaffen buhu sai ya yi ta sauka har ƙwarin su daina ci, su daina haihuwa, su mutu, ba tare da an sa ɗigon magani ba. Sharaɗin dai a ɗora buhun a kan katako nesa da bango, kada a buɗe don leƙe, kada kuma ɓera ya taɓa shi.

A Aliero, inda albasa ta zama sana'ar gari, bazara ce lokacin cira, kuma manomin da ke son jiran farashin damina sai ya yi rudu: dandamalin itace da kara da aka ɗaga daga ƙasa aka rufa masa ciyawa, iska na ratsawa. Abokiyar gaba a nan ruɓa ce, kuma ta wuya take shiga. Shi ya sa ake yanke ban-ruwa kwanaki kafin cira, a bar albasar ta sha iska har wuyanta ya bushe ya tsuke, a ware duk wadda fartanya ta taɓa ko ta yi taushi. Mai rudu yakan zo a kai a kai ya sunsuna, ya zare wadda ta fara lalacewa, ya kai ta nesa ya binne, domin warinta na kiran ƙudaje har cikin gida.

Ɗaki da madafa

Ranar da za a yi wa ɗaki aiki, komai fita yake yi: gado, katifa, tabarma, akwati, kwanuka. Kuɗin cizo, wanda wasu ke kira ƙazunzumi, yana iya yin watanni bai sha jini ba, amma ba ya jure zafi. Ana kwance gadon, a kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa, a jingina katifa a rana tun hantsi har la'asar ana juyawa, a wanke zannuwa da ruwan zafi. A cike ramukan ƙusa, a sake yaɓe. Inda ƙasa ce a sake daɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, mai sa daɓe ya yi tauri da santsi. Abin da ke raba gwani da mai saurin gajiya shi ne maimaici: ƙwan da ya tsira yana ƙyanƙyashewa cikin kwana goma ko ƙasa da haka, don haka bayan mako biyu ana sake aikin, kafin sababbin su isa haihuwa. Masai kuma, wanda shi ne matattarar kyankyaso da ƙuda, ana yi masa murfi mai zama daram, ana zuba toka bayan an yi amfani da shi. Itacen girki a ɗaga shi a kan duwatsu nesa da ɗakin kwana saboda kunama.

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Don haka kafin a kafa wa ɓera tarko, abinci ake fara rufewa. Gari da shinkafa da ƙuli-ƙuli su shiga mazubi mai murfi, kwanuka kada su kwana da ƙanzo. Dalilin ya wuce ɓarna. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake shiga abinci, kuma a rani ya fi tsananta. Ana toshe rami da laka da aka cuɗa da fasasshiyar kwalba, ƙasan ƙofar katako a buga masa fallen kwano. Tarko a jikin bango ake kafa shi, domin ɓera ba ya son ratsa fili. Yana kuma tsoron sabon abu, shi ya sa gwani ke sa masa busasshen kifi dare biyu ko uku ba tare da ya ɗana ba, sai ya saki jiki. Gawar da leda a hannu ake ɗauka a binne.

Kafin hadari ya haɗo

Da ruwan farko ya sauka, shinge sukan fito da dare su yi ta kewaya fitila. Waɗannan su ne gara masu fiffike da ke neman inda za su kafa sabon gida, kuma ƙasa mai laima a gindin gini ita suke so. Saboda haka tun a bazara ake gyara indararo don ruwa ya zuba nesa da bango, a janye kara da zana daga jikin katanga. Magina sun daɗe da sanin azarar giginya, wadda gara ke shan wahalar ci. Sauran itace ana shafa masa baƙin mai, gindin dirka kuma a babbaka shi kafin a kafa.

Sauro ƙanƙani ne, amma shi ne mafi kisa. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da cutar, fiye da kowace jiha a Nijeriya, kuma a Kebbi da Bayelsa aka fara ba yara allurar rigakafinta a Disamba 2024. Ga mutanen Jega, da ke bakin gulbin Zamfara da fadamun shinkafa, wannan ba labari ba ne. A lokacin zafi, sauro kan tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin kwana bakwai zuwa goma, don haka duk ruwan da ya yi mako a kwance ya isa. Ana yashe kwata tun tana bushe, a cike ramin da aka haƙi ƙasar gini, a kife tsohuwar tukunya da taya da gwangwani, randa a rufe ta a riƙa wankewa duk mako. Gidan sauro, in sabo ne, a baza shi a inuwa yini da kwana kafin a shiga. In tsoho ne, a wanke shi a hankali da sabulu mara ƙarfi, a shanya a inuwa, a ɗaga shi a haske a ɗinke kowane huji, da dare kuma a soke gefunansa a ƙarƙashin shimfiɗa.

Wanda ya bar bazara ta wuce shi yana kwance a inuwa, shi ne za ka gani a Yuni ya nufi kasuwa neman fiya-fiya, ya zo ya yayyafa a wake da ɗakin da yara ke kwana. Kuɗin wannan gajeriyar hanya na da yawa. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin DDVP da aka samu a cikinsa, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper, mai ɗauke da wannan sinadari, a kasuwanni da kantuna. Ƙwayar fostoksin da ake sakawa a sito tana fitar da iskar da ke kashe mutum yadda take kashe ƙwaro, ba a kusantar da ita inda ake kwana. Magani na da wurinsa idan abu ya fi ƙarfin hannu, amma a nemi malamin gona na hukumar KARDA ko duba-gari ya faɗi wanda ya dace da yadda ake auna shi.

Akwai iyakar abin da gida ɗaya zai iya, komai gwanintarsa. Ɓeran da aka hana abinci a nan zai haura katanga, sauron da ya tashi a kwatar maƙwabci kuma ba ya tambayar gidan wa ya shiga. Shi ya sa ya dace masu unguwanni da limamai a Jega da Aliero da Maiyama su tsayar da ranar aikin gayya a cikin Afirilu, a yashe magudanai, a kwashe juji, a cike ramuka, matasa kuma su tsaya kusa da dattawan da suka iya liƙe tulu da yaɓen rumbu su koya da hannunsu. Kayan aikin duk suna gida: toka, laka, tsintsiya, leda da igiya. Abin da ba ya jira shi ne lokaci, domin da zarar ruwa ya zauna, laka ba ta bushewa da wuri, wake kuma ba ya shanyuwa.